Tarihin Sahabi Abu Huraira (RA), Uban 'Yar Kyanwa, da Hukuncin Jinyar Mage Mai Ciwon Ido

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu, wanda rahamarsa ta game mutum da dabba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wata baiwar Allah daga unguwarmu ta Ƙofar Guga a birnin Katsina ta aiko da tambaya. Ɗanta ne ya tsinto wata baƙar 'yar kyanwa a bakin kwata, idanunta sun kumbura, kwantsa ta liƙe su, ba ta ganin gabanta. Ta karɓe ta ta ajiye a cikin kwali, sai mutanen gida suka yi mata ca. Wasu suka ce ƙazanta ce, za ta ɓata musu wurin salla. Wasu suka ce baƙar magen da aka tsinta ba a san ko mece ce ba. Shi ma maigida ransa bai kwanta ba. Tana son ta san ko akwai lada a jinyarta, ko kuwa ta mayar da ita inda aka ɗauko ta.

Na ga ya dace in amsa da tarihin wani sahabi, domin mafi yawan hujjojin wannan mas'ala ta hannunsa suka iso gare mu, kuma alkunyarsa ma daga kyanwa ta samo asali. Shi ne Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda.

Sunansa da asalinsa

Ka sani, ya kai ɗan'uwa mai karatu, malaman tarihi sun yi saɓani mai yawa a kan sunansa na yanka da sunan mahaifinsa. Abin da ya fi shahara, wanda Imam Nawawi ya rinjayar, shi ne Abdurrahman ɗan Sakhr. An ce a zamanin jahiliyya ana kiransa Abdu Shamsin, wato bawan rana, da ya musulunta aka sauya masa. Kada wannan saɓani ya ba ka mamaki, alkunyar ce ta rufe sunan. Ko a nan ƙasar Hausa kana iya zama da mutum shekara ashirin kana ce masa Ɗanjuma ko Ɗan'asabe, sai ranar ɗaurin aurensa ka ji sunansa na yanka.

Mutumin ƙabilar Dausu ne, wani reshe na Azdu, masu zama a duwatsun Sarat, wanda Larabawan da suke lissafawa cikin yankin Yaman, a yau kuwa yana cikin lardin Baha a kudu maso yammacin Saudiyya. Ya tashi maraya, ba shi da kowa sai mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Umaima. Ya yi kiwo yana yaro, kuma ya yi aikin ƙodago a wurin wata mata mai suna Busra 'yar Gazwan, ladansa kawai abin da zai ci. Idan ayarinsu ya sauka shi ke nemo itace, idan ya tashi shi ke kora raƙuma.

Yadda ya sami alkunyarsa

A harshen Larabci ana ce wa kyanwa hirra, ƙaramarta kuma huraira. Ma'anar Abu Huraira ke nan, uban 'yar kyanwa. Imam Tirmizi ya ruwaito cewa an tambaye shi dalilin wannan alkunya, sai ya bayyana cewa yana kiwon tumakin gidansu yana da wata 'yar kyanwa. Da dare yakan ɗora ta a kan bishiya, idan gari ya waye ya ɗauke ta ya tafi da ita wurin kiwo yana wasa da ita, sai mutanensa suka laƙaba masa sunan. A wata ruwayar kuma an ce yakan sa ta a hannun rigarsa.

Ka lura da wani abu a nan. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana sauya munanan sunaye da masu kyau. Wannan alkunya kuwa bai taɓa ta ba, har ma ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa shi da kansa yakan kira shi Abu Hirrin. Da riƙon kyanwa abin ƙyama ne a shari'a, da ba a bar mafi yawan sahabbai ruwayar hadisi da wannan suna ba, ana ambatonsa a kan mumbari har yau.

Musuluntarsa da hijirarsa

Musulunci ya shiga ƙabilar Dausu ta hannun Ɗufailu ɗan Amru, wani babba a cikinsu kuma mawaƙi. Ya je Makka, Ƙuraishawa suka tsorata shi har ya cusa auduga a kunnuwansa don kada ya ji Alƙur'ani. Allah ya nufa sai da ya ji, ya musulunta, ya koma yana kiran mutanensa. Suka yi masa nawa, har ya dawo ya roƙi Annabi (SAW) ya yi musu mummunar addu'a. Sai Annabi (SAW) ya ɗaga hannu ya roƙa musu shiriya, Allah kuma ya zo da su. Abu Huraira yana cikin 'ya'yan wannan addu'a.

Ya iso Madina a shekara ta 7 bayan hijira, wato 628 miladiyya, ya tarar Annabi (SAW) ya fita zuwa Khaibara, ya bar Siba'u ɗan Urfuɗa yana riƙon gari. Ya bi shi sallar asuba, limamin ya karanta Suratu Maryam a raka'ar farko, a ta biyu ya karanta Suratul Muɗaffifina, wadda take gargaɗin masu tauye mudu. Nan take Abu Huraira ya tuna wani mutumin garinsu mai mudu biyu, na saye daban, na sayarwa daban. Bayan salla aka ba shi guzuri ya wuce Khaibara, ya sami an ci garin. A kan hanyar hijirarsa wani bawa nasa ya ɓace masa. Yana zaune gaban Annabi (SAW) sai ga bawan ya ɓullo, nan take ya 'yanta shi saboda Allah, alhali shi kansa ba shi da abin hannu.

Zamansa a Suffa

A ƙarshen masallacin Annabi (SAW) akwai wata rumfa da ake kira Suffa, inda baƙin da ba su da gida ko dangi ko dukiya suke kwana. Nan Abu Huraira ya zauna. Ya ba da labarin cewa ya ga mutum saba'in daga cikinsu, babu mai cikakkiyar sutura, kowa da ƙyalle guda ɗaure a wuya, yana riƙe bakinsa da hannu don kada al'aurarsa ta bayyana. Duk wanda ya yi gardanci a makarantar allo nesa da gida ya san ɗanɗanon wannan rayuwa, amma tasu ta fi tsanani. Yakan ɗaura dutse a cikinsa saboda yunwa. Yakan faɗi a sume tsakanin mumbari da ɗakin Nana A'isha (RA), mai wucewa ya taka wuyansa yana zaton taɓin aljanu ne, alhali yunwa ce kawai. Bai manta da waɗanda suka ji tausayinsu ba. Yakan ambaci Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib (RA) da alheri, domin yakan kai su gida ya ba su abin da yake da shi, idan babu komai ya fito da salkar mai da ta ƙare, su tsaga su lashe abin da ya saura.

Wata rana yunwa ta ishe shi, ya zauna a bakin hanya. Abubakar (RA) ya zo wucewa, ya tambaye shi wata aya, ba don komai ba sai don ya ce masa su tafi gida, amma bai gane ba. Umar (RA) ma haka. Da Annabi (SAW) ya zo, kallon fuskarsa kawai ya yi ya gane, ya yi murmushi ya ce ya biyo shi. A gida aka sami ƙwarya guda ta madara da aka kawo kyauta. Sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya kirawo mutanen Suffa gaba ɗaya. Abin ya yi masa nauyi, yana ganin madarar ko shi kaɗai da ƙyar ta ishe shi, amma ba makawa sai bin umarni. Suka zo, shi aka sa ya riƙa miƙa musu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sha ya ƙoshi. Sannan aka zaunar da shi ya sha, ana ce masa ya ƙara, har ya rantse babu sauran wuri a cikinsa. Annabi (SAW) ya gode wa Allah ya sha ragowar. Bukhari ne ya ruwaito.

Ka riƙe wannan a ranka, domin za mu dawo gare shi. Mutumin da ya ruwaito mana hadisan ƙishirwar kare da yunwar kyanwa ya san yunwa a jikinsa.

Shi da mahaifiyarsa

Mahaifiyarsa tana tare da shi a Madina amma ba ta musulunta ba. Kullum yana kiranta tana ƙi. Wata rana ta faɗi magana marar daɗi game da Annabi (SAW). Bai mayar mata da baƙar magana ba. Ya tafi wurin Annabi (SAW) yana kuka, ya roƙe shi ya yi mata addu'ar shiriya, ya kuwa yi. Yana komawa gida ya tarar ƙofa a rufe, ya ji motsin ruwa, ta ce ya dakata. Da ta gama wanka ta buɗe ƙofa, ta yi kalmar shahada. Ya koma da gudu yana kukan murna, ya ƙara roƙon Annabi (SAW) ya yi addu'a Allah ya sa muminai su so shi da mahaifiyarsa, su ma su so muminai. Aka yi masa. Imam Muslim ya ruwaito wannan, kuma shi ya sa malamai suke ɗaukar son Abu Huraira alama ce ta alheri a zuciyar mutum.

Haddarsa da amsar masu suka

Ya zauna da Annabi (SAW) kimanin shekara huɗu, daga shekara ta 7 zuwa ta 11. A cikinsu an tura shi Bahraini tare da Ala'u ɗan Hadrami (RA), kuma a hajjin shekara ta 9 yana cikin waɗanda Abubakar (RA) ya sa su yi shela a Mina cewa mushiriki ba zai ƙara yin hajji ba, kuma ba za a ƙara ɗawafi tsirara ba. Duk da gajartar wannan lokaci, ya fi kowane sahabi yawan ruwaya. An lissafa masa hadisi 5,374 a Musnadin Baƙiyyu ɗan Makhlad.

Tun yana raye mutane suka fara cewa ya cika yawan hadisi, kuma shi da kansa ya ba da amsa. Muhajirai suna kasuwa, Ansaru suna gonakinsu, shi kuwa miskini ne da ya lizimci Annabi (SAW) a kan abin da zai cika cikinsa, yana halartar abin da ba su halarta ba, yana kiyaye abin da suka manta. Ya kuma taɓa kai kukan mantuwa, Annabi (SAW) ya sa shi ya shimfiɗa mayafinsa, ya yi kamar yana kamfatar wani abu da hannunsa yana zubawa, ya ce ya rungume shi. Daga ranar bai sake manta hadisi ba.

Har yau akwai masu maimaita wannan suka, wasu har da yi wa alkunyarsa ba'a. To ka san abubuwa uku. Na ɗaya, wancan adadi ya haɗa da maimaici, domin malaman hadisi suna ƙirga hadisi ɗaya sau goma idan ya zo ta hanyoyi goma. Idan aka cire maimaicin adadin yana raguwa ƙwarai, kuma mafi yawansu wasu sahabbai sun yi tarayya da shi wajen ruwaito su. Na biyu, ya rayu kusan shekara hamsin bayan wafatin Annabi (SAW), mafi yawansu a Madina yana karantarwa, har Imam Bukhari ya ambaci cewa kimanin mutum 800 sun ɗauki ilimi daga gare shi. Cikinsu akwai surukinsa Sa'idu ɗan Musayyib, da Muhammadu ɗan Sirina, da A'araj, da Hammamu ɗan Munabbih, wanda takardar hadisan da ya rubuta daga bakinsa tana nan har yau an buga ta. Na uku, an jarraba shi. Hakim ya ruwaito cewa Marwan ɗan Hakam ya zaunar da magatakardansa a ɓoye yana rubuta abin da Abu Huraira yake faɗa, bayan shekara ya sake tambayarsa waɗannan hadisai, aka gwada da rubutun ba a sami bambanci ba. Abdullahi ɗan Umar (RA) ma ya taɓa yin shakka a kan hadisinsa na ladan raka gawa, aka aika wurin Nana A'isha (RA) ta gaskata shi, sai Ibnu Umar ya shiga nadamar ladan da ya wuce shi.

Kuma ba mai girman kai ba ne. Ya taɓa yin fatawa cewa wanda ya wayi gari da janaba ba shi da azumi. Da aka gaya masa cewa A'isha da Ummu Salama (RA) sun faɗi akasin haka daga aikin Annabi (SAW), sai ya janye, ya yarda sun fi shi sanin wannan. Labarin yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik da muke karantawa a zaurukanmu. Hadisin farko a Bulugul Marami, na tsarkin ruwan teku, nasa ne, hadisin da Bukhari ya rufe Sahihinsa da shi ma nasa ne.

Abin da ya ruwaito game da dabbobi

Shi ya ruwaito labarin matafiyin da ƙishirwa ta kama, ya sami rijiya ya shiga ya sha. Da ya fito ya ga kare yana lallage, yana cin danshin ƙasa saboda ƙishi. Ya gane abin da ya same shi ne ya sami karen. Ya sake shiga rijiyar, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da shi. Allah ya gode masa ya gafarta masa. Mu mutanen Ƙofar Guga mun san wuyar rijiyar da ba guga ba igiya, shiga ɗaya ma kasada ce, balle a koma saboda kare. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya tabbatar musu akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Malik da Bukhari da Muslim duk sun fitar da shi. Shi ne kuma ya ruwaito labarin wata karuwa daga Bani Isra'ila da aka gafarta mata saboda ta shayar da kare da takalminta.

Haka nan shi da Abdullahi ɗan Umar (RA) suka ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba, har ta mutu. An ruwaito a Musnadin Ahmad cewa Nana A'isha (RA) ta yi masa gyara, ta ce matar kafira ce. Alƙali Iyad, malaminmu na Malikiyya, ya ga hakan yana yiwuwa. Imam Nawawi kuwa ya rinjayar da cewa musulma ce, kuma kyanwar ce sanadin azabarta, domin tsare ta har ta mutu babban zunubi ne. Ko wanne ka ɗauka, babu malamin da ya ce abin da ta yi ƙaramin abu ne.

Daga gare shi Bukhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani. Daga gare shi kuma aka ruwaito hanin mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya. Ka ga neman magani da keɓe dabba mai ciwo duk suna da asali a sunna.

Amma ka kiyayi abin da bai inganta ba. Maganar da ake yaɗawa cewa son kyanwa yana cikin imani, malaman hadisi sun ce ƙirƙirarriya ce. Labarin kyanwar da ake kira Mu'izza, wadda wai Annabi (SAW) ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashe ta, ba shi da isnadi ingantacce. Abin da ya inganta ya ishe mu.

Bayan wafatin Annabi (SAW)

Khalifa Umar (RA) ya naɗa shi gwamnan Bahraini. Da ya dawo da 'yar dukiya, Umar ya tsare shi da bincike kamar yadda yake yi wa dukkan gwamnoninsa. Ya bayyana cewa dawakinsa ne suka hayayyafa, ga kuma rabonsa na baitulmali da ya taru. Daga baya Umar ya sake neman ya ba shi muƙami, wanda ya nuna bai same shi da ha'inci ba, amma ya ƙi karɓa don tsoron ya yi magana ba da ilimi ba ko ya yi hukunci ba daidai ba. Lokacin da aka kewaye gidan Khalifa Usman (RA) yana cikin waɗanda suka shiga don kare shi, har Usman ya hana su zubar da jini. Bayan haka ya nisanci fitina.

A zamanin Mu'awiya (RA), Marwan yakan bar masa riƙon Madina idan zai yi tafiya. Mulki bai sauya shi ba. An gan shi yana ratsa kasuwa da ƙunshin itace a bayansa, yana raha yana cewa a ba sarki hanya. Allah kuma ya aurar masa da Busra 'yar Gazwan, wadda a da yake yi wa ƙodago, kuma yakan ambaci wannan a bainar jama'a yana gode wa Allah, ba ya jin kunyar asalinsa.

A gidansa an raba dare uku tsakaninsa da matarsa da mai yi musu hidima, wannan ya yi salla ya tashi wancan. Ya riƙe wasiyya uku da Annabi (SAW) ya yi masa har ya mutu, azumin kwana uku a kowane wata, da raka'a biyu na walaha, da yin wuturi kafin barci.

Rasuwarsa

Da ciwon ajali ya kama shi an gan shi yana kuka. Ya bayyana cewa ba rabuwa da duniya yake yi wa kuka ba, nisan tafiya ne da ƙarancin guzuri, kuma bai san ko aljanna za a nufa da shi ko wuta ba. Wannan fa sahabi ne da ya cika duniya da hadisi, ina ga ni da kai? Ya rasu a kwarin Aƙiƙ kusa da Madina, aka ɗauko shi aka binne a Baƙi'a. Malamai sun yi saɓani ko a shekara ta 57 ne, ko 58, ko 59 bayan hijira. Waƙidi ya ce yana da shekara 78, kuma gwamnan Madina Walidu ɗan Utba ne ya yi masa salla. Allah ya ƙara masa yarda.

Amsar tambayar

To 'yar'uwa, amsarki ta fito. Akwai lada a jinyar wannan kyanwa idan kin yi don Allah. Tun da kin shigo da ita gida, cinta da shanta sun rataya a wuyanki muddin tana tsare a wurinki. Mayar da ita bakin kwata tana makauniya kuwa daidai yake da miƙa ta ga mutuwa, domin ba za ta iya neman abinci ko guje wa kare da jifan yara ba.

Batun najasa, kyanwa mai tsarki ce. Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada (RA) ya karkata wa kyanwa ruwan alwalarsa ta sha, ya gaya wa matar ɗansa Kabsha cewa Annabi (SAW) ya kore mata najasa, ya lissafa ta cikin masu kai-kawo a cikin gida. A mazhabarmu duk mai rai tsarkakakke ne, haka hawayensa da yawunsa da majinarsa. Ragowar ruwan da ta sha ba laifi sai an ga najasa a bakinta. Mugunya ce najasa, idan ta taɓa tufafi a wanke, abin da bai kai faɗin dirhami ba kuma an yi rangwame a kansa. Fitsarinta da kashinta ma najasa ne, don haka a nisanta kwalinta daga wurin salla, a ajiye mata yashi a wani tsohon kwano.

Batun baƙin gashinta, launi ba hujja ba ne na cutar da dabba, kuma ba a gina hukunci a kan zato. Wanda yake tsoron aljanu ya riƙe abin da Abu Huraira ya zo mana da shi. Lokacin da aka sa shi gadin zakkar Ramadan, ɓarawo ya zo masa dare uku a jere, a na uku ya fanshi kansa da koya masa karanta Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya. Annabi (SAW) ya sanar da shi cewa Shaiɗan ne, kuma ya faɗi gaskiya a wannan duk da kasancewarsa maƙaryaci. Kariya tana cikin zikiri, ba cikin jefar da marar lafiya ba.

Wajen jinya kuwa, likitocin dabbobi sun ce irin wannan ciwo a 'ya'yan kyanwa yakan zo tare da mura, daga ƙwayoyin cuta da ke yaɗuwa tsakanin kyanwoyi. Ki tafasa ruwa ya huce ya zama mai ɗumi, ki jiƙa auduga ki ɗora a kan idon har kwantsar ta yi laushi, sannan ki share a hankali daga gefen hanci zuwa waje. Kowane ido da audugarsa, sau uku ko huɗu a yini, kuma kada ki buɗe fatar idon da ƙarfi. Kada a sa mata kwalli ko lemun tsami ko ragowar maganin idon mutane, domin wani yana ƙara ɓata ido idan akwai gyambo a ciki. Kada a ba ta farasitamol ko kaɗan, guba ne ga kyanwa, yana kashe ta. Ki kai ta asibitin dabbobi da wuri, likita ya duba ya ba da man ido da ya dace, jinkiri yana iya cinye idon. Ki ajiye ta wuri mai ɗumi nesa da ƙura da sauran kyanwoyi, ki ba ta ruwa mai tsabta da ɗan kifi mai ɗumi marar ƙaya, domin idan hancinta ya toshe ba ta jin ƙanshin abinci sai ta ƙi ci. Madarar shanu tana sa da yawansu zawo. Ki wanke hannu da sabulu bayan kin taɓa ta, ki koya wa yara haka. Idan ta ciji wani ko ta yaƙushe shi har ya yi jini, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti a ranar, saboda cutar haukan kare tana kama kyanwa ma.

Shi kuma maigida, ki gaya masa waɗannan hujjoji cikin ladabi, ba da jayayya ba. Idan bai yarda ta zauna a tsakar gida ba, ki nemi izninsa a ajiye ta a zaure har ta warke, ko a nemi maƙwabcin da zai karɓe ta. Yaron da ya ɗauko ta kuwa kada a yi masa faɗa, a sa masa albarka, a ba shi labarin yaron Dausu mai kiwon tumaki. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya sanya tausayi a zukatanmu, ya ji ƙanmu kamar yadda muke jin ƙan na ƙasa da mu, ya tashe mu tare da Annabinsa da sahabbansa.

Allah ne mafi sani.